Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu

Ƙasarmu da hanyoyinta

Yara, ku duba taswirar jihar Damagaram. A kudu, daf da iyakar Nijeriya, za ku ga gundumomi biyu maƙwabtan juna, Magarya da Dungas. A da gunduma ɗaya ce. A shekarar 2011 ne aka ware Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta, tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa.

Babbar hanya mai lamba 11 ta taso daga Damagaram, ta bi ta Dogo da Bande, ta iso Magarya, tafiyar wajen kilomita 90. Daga nan ta wuce Tinkim, bakin iyaka. Amma yawancin ƙauyukanmu ba bisa wannan hanya suke ba. Mai zuwa can sai ya sauka daga kwalta, ya bi turba ko burtali, tsakanin gonakin gero da itatuwan gawo.

Ƙasar nan iri biyu ce. Akwai jigawa, inda rairayi yake da zurfi. Akwai kuma fadama, a kwarin Korama, inda ake noman rake da rogo. Da rani rairayi ne ke kama mota. Da damina kuma taɓo ne ke kama ta. Ga shi kuwa da damina ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. A shekarar 2005, shekarar ƙarancin abinci, ƙungiyar likitoci da ake kira MSF ta fara aikin jinyar yara a Magarya. Amma kafin likita ya ga yaro, sai an kawo yaron asibiti. In motar asibiti ta kafe a hanya, awa ɗaya tana iya zama awa huɗu, mara lafiya kuwa ba ya jira.

Don haka ne motar asibiti da ta masu rigakafi da ta malaman gona, yawancinsu masu ja da ƙafa huɗu ne. A nan Nijar muna ce musu kat-kat. Sunan daga Faransanci ya fito, daga lambar nan 4x4 da ake rubutawa a jikinsu. Huɗun farko tana faɗin yawan ƙafafun motar. Huɗu ta biyu tana faɗin ƙafafun da inji yake iya juyawa. Motar da aka rubuta mata 4x2, ƙafa huɗu gare ta, amma biyu kaɗai ke aiki.

Yadda ƙarfi yake kaiwa ga ƙafafu

Inji shi ne mai ƙarfin mota. Yana ƙona mai, yana juyawa. Juyin nan yana shiga akwatin giya. Daga akwatin giya wani dogon ƙarfe, wanda makanikai ke kira farfela, yana kai juyin zuwa ƙafafun baya. Ƙafafun baya su tura mota. Na gaba kuwa aikinsu bin hanya kawai, turo su ake yi. Haka yawancin a-kori-kura suke, wato motoci masu buɗaɗɗen baya. Tsohuwar Peugeot 404 da iyayenku ke kira bashe, haka take.

Bisa ƙasa mai tauri wannan ya isa. Amma a cikin rairayi fa? Ƙafafun gaba suna nutsewa, suna tara rairayi a gabansu, kamar yadda garma ke tara ƙasa. Ƙafafun baya suna ta ƙoƙarin tura su. In aikin ya fi ƙarfin riƙon da suka yi wa ƙasa, sai su riƙa juyawa wuri ɗaya, suna haƙa rami. A-kori-kura da ba ta da kaya ta fi saurin yin haka, don bayanta ba nauyi.

A motar kat-kat an ƙara wani akwati a bayan akwatin giya. Aikinsa raba ƙarfi. Farfela ɗaya ta nufi baya, ɗaya ta nufi gaba. In direba ya haɗa su, ƙafa huɗu duka su kama aiki. Ƙarfin inji bai ƙaru ba, raba shi aka yi. Kowace ƙafa ta ɗauki kaso kaɗan, ba a ɗora wa biyu kawai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihi kaɗan

Motar da ta fara yaɗa wannan dabara a duniya ita ce Jeep, wadda aka ƙera wa sojojin Amurka a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 aka fito da Land Rover a Ingila. A 1951 kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya ƙera tasa, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. Toyota Hilux ta fito a 1968, amma da ƙafa biyu take ja. Sai a 1979 aka yi mai ja da huɗu. A 1984 kuma aka fito da Land Cruiser samfurin 70. Irinta ce kuke yawan gani an shafe ta da farin fenti tana aikin asibiti.

Ƙaramar giya da haruffanta

In kun leƙa cikin tsohuwar kat-kat, za ku ga sandar giya biyu kusa da direba, babba da ƙarama. Babbar ita ce ta kowace mota. Ƙaramar ita ce ta akwatin raba ƙarfi. A kanta an rubuta H2, H4, N da L4. Wasu kamfanoni suna juya rubutun, su sa 2H, 4H da 4L. Duk abu ɗaya ne. Lambar tana faɗin ƙafafun da ke ja. H harafin farko ne na kalmar Ingilishi mai nufin sama, wato giyar gudu. L kuma na kalmar da ke nufin ƙasa, wato giyar ƙarfi. A sababbin motoci, kamar yawancin Hilux da aka yi tun daga 2015, babu ƙaramar sanda. Wani maɓalli ne ake murɗawa, lantarki ya yi sauran aikin.

H2. Ƙafafun baya kaɗai ke ja. Wannan ita ce giyar kullum, ta kwalta da ta busasshiyar hanya mai tauri. Mota ba ta shan mai da yawa, tayoyi ba sa saurin cinyewa. Daga Damagaram zuwa Magarya, H2 ta isa.

H4. Ƙafa huɗu ke ja, kuma mota tana iya tafiya da ɗan sauri. Wannan ta turbar rairayi ce, da jar ƙasa in ruwa ya jiƙa ta tana santsi. A motoci da yawa ana iya shiga H4 mota tana cikin tafiya, muddin ta miƙe kuma ba ta wuce iyakar gudun da littafinta ya faɗa ba. Amma ba a sa ta lokacin da ƙafafun baya ke juyawa wuri ɗaya, don haƙoran ƙarfe za su gwabza da juna. Direban kirki yana sa H4 tun kafin ya shiga rairayi, ba sai ya kafe ba.

L4. Ƙafa huɗu ke ja, amma a hankali, da ƙarfi ƙwarai. Cikin akwatin akwai wasu ƙarafa masu haƙora da ke rage gudu, su mai da shi ƙarfi. A motoci da yawa ragin ya kai ninki biyu da rabi. Ga misali. In mota tana kilomita 25 a awa cikin H4, da wannan giya da wannan juyin inji za ta yi kilomita 10 kawai cikin L4. Amma ƙarfin da ke juya ƙafafunta ya ninka sau biyu da rabi. Ku tuna da mai ɗauke da damin gero yana hawan tudu. Ba ya buɗe ƙafa, ƙananan taku yake yi, shi ya sa yake kaiwa. L4 ta taɓo mai zurfi ce, da hawan tudu da kaya, da gangara mai tsanani, da janyo wata motar da ta kafe. Kafin a shiga L4 ko a fita daga cikinta, tilas a tsai da mota cak, a taka kuloci. In motar mai sauya giya da kanta ce, a mai da babbar giya kan N. Ba a gudu cikin L4.

N. A nan inji ya rabu da ƙafafu duka huɗu. Ko babbar giya tana ciki, mota ba za ta motsa da ƙarfin inji ba. Amma in a gangara take, tana iya gangarawa da kanta. Saboda haka ba a barin mota da ƙaramar giya a kan N.

Makullan ƙafafun gaba

Wataƙila kun taɓa ganin direba ya tsaya a bakin rairayi, ya sauko, ya duƙa wurin ƙafar gaba ta dama, ya zagaya ya duƙa wurin ta hagu. Me yake yi? A cibiyar kowace ƙafar gaba akwai wani abin murɗawa. An rubuta masa kalmomi biyu, FREE da LOCK. Ta farko tana nufin a sake, ta biyu tana nufin a kulle. In yana kan FREE, ƙafar ta rabu da ƙarfen da ke juya ta, tana gangarawa ita kaɗai kamar ƙafar amalanke. In yana kan LOCK, an ɗaure su tare.

Ku lura da kyau a nan. In direba ya sa H4 amma ya manta makullan suna kan FREE, ƙarfi zai tafi gaba, amma ba zai kai ga ƙasa ba. A wasu motoci fitilar allo za ta kama, tana nuna ƙafa huɗu na aiki, alhali biyu ne ke ja. Kuma dole makullan biyu su zama wuri ɗaya. In an kulle ɗaya an bar ɗaya, aikin banza ne. Sababbin motoci da yawa ba su da waɗannan makullai, da kansu suke haɗawa.

Me ya sa ba a hawa kwalta da H4?

Wani zai ce, tun da ƙafa huɗu sun fi biyu, me zai hana a bar mota cikin H4 kullum? Amsar tana wurin kwana. Mu fita filin makaranta mu gwada.

Yara biyu su riƙe doguwar sanda, ɗaya a kowane baki. Su yi tafiya su zagaya bishiya, kafaɗa da kafaɗa. Wanda yake ciki zai riƙa ƙananan taku. Wanda yake waje sai ya haɗa da sassarfa. Tare suka tashi, tare suka iso, amma na waje ya fi yin tafiya.

Mu lissafa. Tsakanin ƙafar dama da ta hagu akwai kamar mita 1,5. A ce mota ta yi zagaye ɗaya, ƙafar ciki tana nesa da tsakiya da mita 5. Tafiyarta 2 x 3,14 x 5, wato mita 31,4. Ƙafar waje tana nesa da mita 6,5. Tafiyarta 2 x 3,14 x 6,5, wato mita 40,82. Bambancin ya haura mita 9.

Don haka ne aka sa wani ƙarfe mai kama da tulu a tsakanin ƙafafun baya. In kun duƙa a bayan motar da ke tsaye za ku gan shi. Sunansa difaransiyal. Cikinsa akwai haƙora da ke barin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya saurin juyawa. A kat-kat akwai wani irinsa tsakanin ƙafafun gaba.

Saura tsakanin gaba da baya. Ku tura keke bisa rairayi, ku yi kwana, sa'an nan ku duba sawunsa. Za ku ga layi biyu. Sawun tayar gaba yana waje, na baya yana ciki. Ke nan a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya tafiya. Amma a yawancin a-kori-kura, H4 da L4 suna ɗaure farfelar gaba da ta baya, su tilasta musu juyi ɗaya. Bisa rairayi ko taɓo ba komai, taya tana ɗan zamewa, bambancin ya fita. Bisa busasshiyar kwalta kuwa taya ba ta zamewa. Sai ƙarafa su riƙa murɗuwa kamar igiyar da ake tufkawa. Sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su yi ƙara suna cinyewa, ƙaramar giya ta ƙi fita. In aka daɗe ana haka, wani ƙarfe ya karye, a kashe kuɗi masu yawa, motar gari ta kwana a gareji.

To, in an fito daga rairayi an hau kwalta, sai a koma H2. In giyar ta ƙi fita, direba ya miƙe sitiyari, ya ja baya kaɗan, murɗin ya warware.

Akwai wasu motoci da aka sa wa difaransiyal na uku a tsakiya. Su suna iya ja da ƙafa huɗu ko'ina, har kan kwalta. Wasu sababbi kuma suna da 4A, inda motar da kanta take aika ƙarfi gaba in ta ji baya na zamewa. Littafin kowace mota yana faɗin irinta. Ga amfanin iya karatu ga direba.

Difaransiyal yana da aibi ɗaya. In ƙafa ɗaya ta faɗa taɓo mai santsi, ɗayar kuma tana kan ƙasa mai tauri, ta cikin taɓon ce za ta yi ta juyawa, ta kan tudu ta tsaya. Saboda haka wasu motoci suna da maɓallin kulle difaransiyal na baya. In an kulle, ƙafafun biyu su juya tare. Ana yin haka ne a tafiyar hankali, inda aka kafe kawai. Da an fita sai a buɗe, don mota mai kullallen baya ba ta son kwana.

Fitilun allon gaban direba

Mota ba ta da baki, amma tana magana. A gaban direba, bayan sitiyari, akwai allo mai agogai da ƙananan fitilu. In an murɗa makulli, kafin inji ya tashi, fitilu da yawa suna kamawa tare. Wannan gwaji ne, don a tabbata ba wadda ta ƙone. In inji ya tashi sai su mutu. Wadda ta ƙi mutuwa, ko ta kama ana cikin tafiya, ita ce mai magana.

Launi shi ne abin dubawa na farko. Kore da shuɗi labari suke bayarwa, abu kaza yana aiki. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne, a kula, a duba da wuri. Ja kuwa haɗari ne, a tsaya.

Ga fitilun ja da ƙafa huɗu:

Hoton ƙafafu huɗu da aka haɗa da layi, ko rubutun 4WD. Yawanci kore ne. Yana nufin an shiga H4 ko L4. In yana ƙyaftawa, haɗin bai kammala ba tukuna. Direba ya sassauta totur, ya miƙe sitiyari, ya jira ya tsaya cak. In ya ƙi daina ƙyaftawa, akwai abin da ya lalace.

Rubutun 4LO ko 4L. An shiga giyar ƙarfi. In direba ya ga wannan alhali yana kan hanya mai kyau, ya tsaya ya fita.

Hoton ƙafafu da alamar X a tsakanin na baya. An kulle difaransiyal.

Ga jajayen fitilu:

Hoton ƴar buta tana ɗigar da mai. Baƙin mai ba ya zagayawa cikin inji yadda ya kamata. Wannan ita ce mafi haɗari. A tsaya, a kashe inji nan take. Inji da ba mai yana iya ƙonewa cikin ƴan mintoci.

Hoton ma'aunin zafi a cikin ruwa, ko allurar zafi ta kai ja. Inji ya yi zafi. Tafiya cikin rairayi da kaya tana wahalar da inji, balle a watan Afrilu da Mayu. A tsaya a inuwa, a bari ya huce. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu.

Hoton batir, da alamar tarawa da ta ɗebewa. Batir ba ya samun caji. Sau da yawa fambel ne ya tsinke ko ya saki. A motoci da yawa fambel ɗin nan shi ne ke juya famfon ruwan inji, don haka zafi yana biyo baya.

Alamar motsin rai a cikin da'ira. Ko dai ba a saki birkin hannu ba, ko man birki ya yi ƙasa. In an saki birkin hannu fitilar ba ta mutu ba, kada a ɗauki mutane.

Ga masu ruwan ɗorawa:

Hoton waya a nannaɗe. Wannan ta motar gazuwal ce. Tana nufin ana ɗumama cikin inji. A jira ta mutu kafin a tayar, musamman da sanyin safiyar hunturu.

Hoton matatar mai da ɗigon ruwa. Ruwa ya taru a ƙasan matatar gazuwal. Man da ya daɗe a jarka ko a kwalba yakan zo da ruwa da ƙura. A kwance ƙasan matatar a tsiyaye ruwan, kafin ya kai ga famfon mai ya lalata shi.

Hoton inji. Motar ta ji wani abu ba daidai ba. A kai ta wurin makaniki ya duba.

Shuɗiyar fitila kuma tana nuna an kunna doguwar wuta. In wata mota ko amalanke ta taho daga gaba, a rage ta.

Wasu sukan liƙa takarda a kan fitilar da ta dame su, ko su cire ƙwanta. Wannan kamar mai ciwo ne ya toshe kunne don kada ya ji maganar likita. Ciwon yana nan.

In mota ta kafe

Ko kat-kat tana kafewa. In direba ya ji ƙafafu suna juyawa mota ba ta gaba, abu na farko ya ɗaga ƙafa daga totur. Ƙara wuta ƙara rami ne, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Sai ya gwada komawa baya bisa sawunsa, don rairayin wurin ya riga ya danne.

In ta ƙi, mutane su sauka, a rage kaya. A kwashe rairayin gaban ƙafafu da shebur. A shimfiɗa faranti na ƙarfe, ko kara, ko rassan da suka bushe. A rage iskar tayoyi. Me ya sa? Ku dubi ƙafar raƙumi da ta jaki. Ta raƙumi faffaɗa ce, tana baje nauyinsa, ba ta nutsewa. Taya in an rage mata iska tana bajewa haka nan. Amma da an koma hanya mai tauri sai a mai da iskar da famfo, a kuma tafi a hankali kafin nan, don taya mara iska tana zafi ta fashe. Bayan haka a sa L4, a taka totur sannu sannu. Masu hikima suna sammako, don da safe rairayi yana da sanyi da ɗan laima, ya fi ɗaukar mota.

Ruwa ya fi rairayi haɗari. In kwari ya kawo bayan ruwan sama, a jira ya janye. Ruwa mai gudu yana iya ɗauke mota da mutanenta. In ruwan kwance yake, babban mutum ya shiga da sanda ya auna zurfinsa tukuna. In ruwa ya shiga inda inji ke shaƙar iska, injin ya lalace. Shi ya sa kuke ganin wani baƙin bututu ya hau gefen gilashin motar asibiti, ta sama take numfashi. Bayan an haye, direba ya taka birki a hankali sau da yawa don ya bushe.

Abu ɗaya kuma, kada a manta da shi. Ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tafi, amma ba ya ƙara mata birki. Kat-kat mai gudu da kaya fiye da kima tana kifewa, har ma ta fi ƙaramar mota saurin kifewa, don tana da tsawo. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya shafe ku

In mota ta kafe kusa da garinku, ku gaida baƙi, ku je ku kira manya. Kuna iya kawo ruwan sha, ko ku nuna wa direba inda ƙasa ta fi tauri, don kun fi shi sanin wurin. Amma kada ku tsaya a bayan ƙafar da ke juyawa, tana watso duwatsu da itace. In ana jan mota da igiya ko sarƙa, ku yi nesa ƙwarai, don in ta tsinke tana dukan mutum kamar bulala. Kada ku shiga ƙarƙashin mota. Kada ku bi ta da gudu ku ɗafe bayanta. In kun hango motar asibiti, ku kore dabbobi daga hanya, wataƙila ƙanen wani ne a ciki.

A cikinku akwai waɗanda za su zama direbobi da makanikai da malaman asibiti, maza da mata. Wanda ya san ma'anar haruffan nan da fitilun nan, zai tsare dukiyar jama'a, ya kuma kai mara lafiya a kan lokaci.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin 4x4 da 4x2?
2. Wace giya ta dace da hanyar Damagaram zuwa Magarya? Wace ce ta dace da taɓon fadama?
3. Me direba zai fara yi kafin ya shiga L4?
4. Fitilar 4WD ta kama, amma ƙafafun gaba ba sa ja. Me direba ya manta?
5. Don me ba a hawa busasshiyar kwalta da H4?
6. Wace fitila ce in ta kama ake kashe inji nan take?
7. Mota tana kilomita 30 a awa cikin H4. In ragin ninki biyu da rabi ne, kilomita nawa za ta yi cikin L4?

Aiki

Ku zana allon gaban direba a littafinku, da fitilu shida. Ku shafa wa kowace launinta, ku rubuta ma'anarta da Hausa da Faransanci. Ranar kasuwa, ku nemi izinin wani direba, ku ce masa: "Baba, don Allah a nuna mana ƙaramar giya." Ku rubuta haruffan da kuka gani a kanta, ku kawo aji.